CEFANE A DAMARGU: KASUWA, BUTIK DA TEBUR

1. Aiken safe

A wata unguwa ta garin Tanut akwai wani lungu mai yawan jama'a. Gidaje sun haɗa bango da bango. A bakin lungun akwai butik ɗin wani dattijo, wanda yara ke kira Baba mai butik. Ya fi shekara ashirin yana ciniki a wurin. Ana nan sai wani saurayi ya buɗe sabon butik daura da nasa.

Wata rana da safe, wata mata ta kira ɗiyarta, ƴar aji biyar. Ta ba ta dala ɗari, ta ce:

— Je ki wurin Baba, ki sayo sabuni guda da sukari na dala ashirin. Canjin ki bar masa.

— Inna, sabon butik ya fi araha. Sabunin da Baba ke sayarwa dala sittin, can dala hamsin da biyar ne.

— Na sani. Ke dai je ki inda na aike ki.

Yarinya ta tafi, ta gaida Baba, ta sayi kayan. Da ta ce a bar canji, sai Baba ya ɗauko wani tsohon littafi, ya buɗe. Ta leƙa, ta ga sunan mahaifinta. A gaban sunan an rubuta jika uku. Baba ya rage dala ashirin daga ciki, ya ce:

— Madalla, ɗiyata. Ki gaida innarki.

Da dare ta tambayi mahaifinta labarin jika ukun nan. Ya ce:

— Kin tuna da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba? Wa ya ba mu shinkafa da mai, ba mu ba shi ko tamma ba?

Yarinya ta yi shiru. Ta gane cewa cefane ba farashi kaɗai ba ne.

2. Wurare huɗu na cefane

A Tanut da Belbeji, da sauran garuruwan Damargu, a wuri huɗu yawancin gidaje ke yin cefane.

Na farko shi ne kasuwa. Kowane babban gari yana da ranar kasuwarsa a mako. Ran nan manoma kan kawo gero da wake. Buzaye da Fulani kan kawo dabbobi, da nono, da man shanu, da cuku. Ana auna hatsi da tiya. Tiya guda ta gero ta kai kamar kilo biyu da rabi, tiya 40 kuma ita ce buhu mai kilo 100. A kasuwa ana tayi. Idan tayin bai yi wa mai kaya ba, sai ya ce: «Albarka.» Idan ya yi masa, sai ya sallama.

Na biyu shi ne butik, wato ƙaramin kanti na unguwa. Kullum a buɗe yake, tun safe har dare. A nan ake samun shinkafa, makaroni, sukari, shayi, mai, madara, sabuni da ashana.

Na uku shi ne tebur. Mai tebur yakan sayo kaya a butik ko a kasuwa, ya rarraba su ƙulli-ƙulli. Wanda ke da dala biyar ko dala goma ma zai samu abin saye.

Na huɗu shi ne talla. Mata kan yi ƙosai, da fura, da ƙuli-ƙuli, da daddawa a cikin gida, a zaga da su ƙofa-ƙofa.

Magidanci kan yi awon hatsi ran kasuwa. Kayan miya kuwa, da sukari da sabuni, kaɗan-kaɗan ake sayensu kowace rana, gwargwadon abin da aka samu.

3. Daga ina kaya ke zuwa?

Tun zamanin da, Damargu ƙasar hatsi ce. Ayarin raƙuma kan sauko daga Abzin da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero. A watan Janairu na 1851, wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya ratsa Damargu tare da irin wannan ayari.

A zamanin mulkin Faransa, manyan kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Damagaram. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta kafa COPRO-NIGER a 1962, don shigo da kayan masarufi kamar sukari da shayi. A 1970 ta kafa OPVN, don ajiye hatsi da sayar da shi da rahusa lokacin tsada. Cikin shekarun 1980 aka sakar wa ƴan kasuwa cinikin da COPRO-NIGER ke riƙe da shi.

Yau manyan motoci ne ke ɗauko kaya. Tanut tana kan hanyar da ta haɗa Damagaram da Agadas, kamar kilomita 150 arewa da Damagaram. Masu butik kan yi sari a Damagaram. Wasu kayan daga Kano suke fitowa, su shigo ta Matamai ko ta Magarya. Tattasai na zuwa daga Difa, dankalin turawa da tafarnuwa daga garakan Abzin.

Kowace hanya da kaya suka bi, sai an biya kuɗin mota da na ƴan dako. Kowane hannu da suka shiga, sai ya ɗora ribarsa. Don haka abin da ya faru nesa yakan iso har cikin tukunya. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, sai kayan waje suka yi tsada. A 2005 hatsi ya hau ƙwarai, har gidaje da yawa suka kasa awo. A 2023, da aka rufe iyakokin Nijar da Najeriya da Benin, shinkafa da mai suka ƙara kuɗi.

4. Gasar ciniki

Idan mai butik ɗaya ne a unguwa, yadda ya ga dama haka zai sayar. Idan sun zama biyu ko uku, kowa sai ya nemi dabarar jawo masu saye. Wannan shi ake kira gasar ciniki. Ga dabarun da suka fi amfani da su:

— rage farashi, ko da dala guda ce;
— cika mudu da yin gyara;
— ajiye kaya masu kyau, cikin tsabta;
— sakin fuska da girmama mai saye, ko yaro ne;
— ba da bashi ga wanda aka yarda da shi.

Bashi ya fi sauran dabarun ƙarfi. Yana fid da gida daga kunya ranar babu. Amma yana ɗaure mai saye, domin wanda sunansa ke cikin littafi ba ya iya tayi, kuma yana jin nauyin zuwa wani wuri. Shi ma mai butik yana cikin haɗari. Idan masu bashi suka ƙi biya, ba zai samu kuɗin sari ba, sai butik ya mutu.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a lura da shi. Saye kaɗan-kaɗan ya fi tsada. A misali, a ce kilo guda na sukari dala 140 ne. Mai tebur ya raba shi ƙulli 20, kowane ƙulli dala 10. Wanda ya sayi ƙulli-ƙulli har kilo ya cika, ya biya dala 200. Ya ƙara dala 60 ke nan. Ashe mai ƙaramin ƙarfi shi ke biyan kuɗi mafi yawa.

5. Manyan kantunan birni

A manyan birane akwai wani irin kanti da ake kira sufamarshe. Mai saye kan ɗauki kwando, ya zaɓi kaya da hannunsa, ya biya a bakin ƙofa. A ƙasar Amurka aka fara wannan tsari, a garin Memfis, a 1916. Kowane abu da farashinsa a rubuce. Babu tayi, babu gyara, babu littafin bashi.

Irin wannan kanti yakan sari kaya masu yawa gaba ɗaya, don haka yana iya karya farashi. A ƙasashen Turai ya sa ƙananan kantuna da yawa sun rufe. Amma ba ko'ina yake yin nasara ba. A Kano, kantin Shoprite ya buɗe a 2014, aka rufe shi a farkon 2024, kasuwannin birnin kuwa suna nan suna ci. Inda mutane ke samun kuɗi kaɗan-kaɗan kowace rana, butik da tebur sun fi dacewa da aljihunsu.

6. Bayan kaka

Da kaka ta yi, mahaifin yarinyar ya sayar da wake, ya je ya biya jika ukun da saura. Baba ya soke sunansa a littafi. Shi ma Baba ya ga masu saye suna raguwa, sai ya mai da sabuni dala hamsin da biyar. Da saurayin ya ga haka, sai ya fara yi wa mutane gyara. Jama'ar lungu duka suka ci moriyar gasar.

Yanzu yarinyar ce ke riƙe da lissafin cefanen gidansu. Ranar da aka samu kuɗi, takan ce a sayi sukari kilo guda. Takan tambayi farashi a butik biyun kafin ta saya. Idan farashi ya zo ɗaya, wurin Baba take zuwa.

ABIN TUNAWA

Mai cefane na gari yana tambayar farashi, yana duba awo, yana ƙidaya canji. Idan ya ci bashi, yana biya da wuri.

MA'ANAR KALMOMI

Sari: sayen kaya da yawa don a sake sayarwa.
Tayi: faɗin kuɗin da mai saye ke so ya biya.
Gyara: ɗan ƙarin da mai kaya ke yi wa mai saye kyauta.
Dala: tamma 5. Jika: tamma 1000, wato dala 200.

TAMBAYOYI

1. Don me uwar ta aiki ɗiyarta wurin Baba, alhali sabon butik ya fi araha?
2. Ku faɗi wurare huɗu da ake yin cefane.
3. Mene ne amfanin bashi, mene ne kuma illarsa ga mai saye da mai butik?
4. Hausawa sun ce: «Araha ba ta ado.» Me ake nufi?

LISSAFI

1. Jika uku dala nawa ce? Idan aka rage dala 20, nawa ya saura?
2. Wani manomi ya sayar da gero tiya 40 da kaka, kowace tiya dala 80. Da damina ya sake sayen tiya 40, kowace tiya dala 160. Nawa ya yi asara?

AIKIN BINCIKE

Ku kasu ƙungiya-ƙungiya. Ku tambayo farashin sukari, da sabuni, da mai a kasuwa, a butik da a tebur. Ku rubuta sakamakon a allo, da Hausa da Faransanci, ku kwatanta.