Yadda Ake Ƙirga Ayon a Cikin Fomular Sinadari

Na san wasu 'yan'uwa ɗalibai za su ce me ya haɗa mai nazarin harshe da kimiyyar sinadarai. Hujjata ita ce, fomular sinadari rubutu ce mai nata ƙa'idojin, kuma duk wanda ya saba feɗe kalma ya ware saiwa daga ɗafi ba zai sha wuyar karanta ta ba. Ga shi kuma ƙannenmu masu shirin jarrabawar WAEC ba ruwansu da sashen da muke, tambaya kawai suke kawo mana.

Shi ayon ba wani abu ba ne illa atom, ko gungun atom, da ya ba da ilaktoron ko ya karɓa, sai ya sami caji, ko dai na ƙari ko na ragi. Michael Faraday na Ingila ne ya shigo da kalmar a 1834, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar "mai tafiya".

Mu fara da gishirin miya, NaCl. Ayon biyu ne: sodiyam ɗaya, kulorayid ɗaya. Idan harafi ba shi da lamba a ƙasansa, ɗaya ake nufi. A CaCl₂ kuwa, lamba 2 ta kulorayid ce kaɗai, wato kalsiyam ɗaya da kulorayid biyu, jimla uku. Wani abin da zai burge mai nazarin asalin kalmomi shi ne, Na ɗin nan daga natrium aka yanko shi, ita kuma daga natron, sunan da Turawa ke kiran kanwa.

To, a kan kanwar ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe. Ɗaya daga cikin manyan sinadaran da ke cikinta shi ne Na₂CO₃. Mai gaggawa sai ya tara 2 da 1 da 3 ya ce shida. Atom ya ƙirga, ba ayon ba. CO₃ ɗin nan dunƙule yake, tamkar harɗaɗɗiyar kalma irin "faɗi-tashi", wadda guntaye biyu ne a ido amma suna ɗaya ne a jimla. Saboda haka sodiyam biyu da kabonet ɗaya, ayon uku ke nan. Mu da muka san bambancin "ta fi" da "tafi" mun san ɓarnar da raba abu ba a gaɓarsa ba ke yi. Irin waɗannan dunƙulallu ba su da wata dabara sai hadda: SO₄, NO₃, OH da NH₄ su ne aka fi cin karo da su.

Idan dunƙulallen ya wuce ɗaya, sai a sa shi cikin baka, a rubuta adadinsa a waje. Dubi Al₂(SO₄)₃, dangin alif da ake kwantar da dattin ruwa da shi. Lamba 4 ta cikin gida ce, tana faɗin yawan iskar oksijin a cikin salfet guda, ba ta shiga lissafinmu. Lamba 3 ta bayan baka ita ce tamu. Alminiyam biyu da salfet uku, ayon biyar, alhali atom ɗin 17 ne. Ni dai nakan tabbatar da amsata ta hanyar auna caji: kowane alminiyam yana da ƙari 3, biyu sun ba da 6, kowane salfet yana da ragi 2, uku sun ba da 6. Idan ɓangarorin ba su yi kunnen doki ba, an yanka fomular ba daidai ba.

Amma fa ba duk mai baka ne ke da ayon ba. Takin zamani na (NH₄)₂SO₄ yana da uku: amoniyam biyu, salfet ɗaya. Takin yuriya kuwa, CO(NH₂)₂, duk da kamar da suka yi a rubuce, ba ya rabuwa zuwa ayon ko an narkar da shi a ruwa, kamar dai sukari. Alamar da zan ba mai karatu ita ce ya duba farkon fomular: in ya ga ƙarfe irin su Na, Ca, K ko Al, ko kuma NH₄, to mai ayon ne, sai ya fara yanka.

Gwada waɗannan kafin fitowa ta gaba: Ca(OH)₂, KNO₃ da Mg₃(PO₄)₂.