Kafin Ka Danna Aikawa: Nasiha Ga Ƴaƴanmu Ma'aikata

Ƴaƴana ma'aikata na Agye da Gazawa da Gidan Runji, maza da mata, waɗanda Allah ya ba kujera a biro, ko a asibiti, ko a ma'aikatar magajin gari, ko a ƙungiyoyin agaji. Allah ya yi wa aikinku albarka. Ƴar magana nake so mu yi a kan abin da kuke yi kullum har kun daina jin nauyinsa, wato aika saƙon imel.

A zamaninmu, kafin takarda ta bar biro sai ta bi hannu huɗu ko biyar. Mai magana ya rubuta da alƙalami, sakatare ta buga a keken rubutu, shugaba ya karanta ya sa hannu, a buga hatimi, a ba ta lamba a littafin shiga da fita, sannan ɗan aike ya hau keke, ko a jira motar da za ta Maraɗi. A ko'ina cikin wannan hanya ana iya tsayar da ita. Wanda ya rubuta cikin fushi da safe, kafin la'asar ya huce ya je ya karɓo abarsa. Yau duk hannuwan nan sun koma ɗan yatsa guda. Kai ne marubuci, kai ne sakatare, kai ne ɗan aike, kuma saƙon da ya tashi daga Gangara zai isa Yamai kafin ka kurɓi shayinka. Ga shi yankinmu yanki ne na rahoto. Agye ta daɗe da ayyukan asusun FIDA, irin su PPILDA da sassaben zamani da ya fito da sunan ƙauyen Ɗan Saga, hedkwatar asusun kuwa a birnin Rum take. Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ofisoshi suka ƙaru, takardu suka ƙaru. Abin da yaro ya rubuta a nan, babu wanda ya san iyakar inda zai je.

Kurakuran imel iri biyu ne, kuma ina so ku rarrabe su da kyau. Akwai wanda ke tsayawa a kanka, ka ji kunya, a yi dariya, a wuce. Akwai kuma wanda ke fita da asirin wani bawan Allah da bai san ma an yi ba. Yawancinku na farkon kuka fi tsoro, alhali na biyun ne abin tsoro.

Mu fara da mai sauƙin. Ƙarshen wata ne, ana jiran rahoto a Maraɗi kafin a tashi. Kuran ya ɗauke, batirin kwamfuta saura ƙiris, rezo na zuwa yana komawa, ka jona da salula ka ɗora ta bakin taga. Ka zuba Faransanci mai kyau, har da "veuillez trouver ci-joint", ka danna, ka yi hamdala, ka hau babur. Kana kusa da gida waya ta yi ƙara. "Ina rahoton?" Ka ce, "Ai na aiko, shef." Ya ce, "Gaisuwa dai ka aiko, mun kuwa amsa." Sauri ya haifi nawa. Maganin wannan tsari ne kawai: fara liƙa takardar, sannan ka rubuta saƙon, adireshin wanda za ka aika wa shi ne na ƙarshe. Muddin gurbin adireshi babu kowa, ko yatsa ya zame babu inda saƙon zai je. Bayan ka liƙa, buɗe ta ka gani da idonka, don sau da yawa rahoton watan jiya ne ke tafiya a madadin na yau. Ku kuma daina raɗa wa takardu suna "rapport final", gobe "rapport final 2", jibi "rapport final vrai". Sa sunan gari da wata da shekara. Idan hotuna ne, ka tuna Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura megabait 25 a liƙe.

Sai maɓallan nan biyu da ke maƙwabtaka, "Répondre" da "Répondre à tous". Na farko mutum guda yake kai wa amsa, na biyu duk wanda ke cikin saƙon. A wani biro da ba sai na faɗi sunansa ba, an aiko da sanarwar taro ga ma'aikata duka. Wani saurayi ya so ya tsokani abokinsa, ya rubuta cewa taron banza ne, mai gida ya fara biyan kuɗin guzurin tafiyar da ta wuce tukuna. Maɓalli na biyu ya danna. Washegari mai gidan ya shigo, ya gaisa da kowa, ya zo kan teburin yaron ya ce a hankali, "Na ga saƙonka, na gode da tuni." Bai ƙara ko kalma ba, amma yaron ya daɗe bai iya haɗa ido da shi ba. Kada ku ɗauka ƙauyanci ne ke kawo haka. A watan Nuwamba na 2016, a hukumar lafiya ta Ingila, NHS, wani saƙon gwaji ya kuɓuce zuwa ga ma'aikata kusan 840,000. Mutane suka dinga amsa wa kowa da kowa cewa a cire su, kowace amsa na ƙara cunkoso, har aika saƙo ya gagara ranar nan. Ƙa'idar a nan guda ce: abin da ba za ka iya faɗa a gaban mutum ba, kada ka rubuta shi a imel ɗin aiki. Haka in za ka tura wa wani saƙon da aka aiko maka, gangara ƙasa ka karanta, domin tsohuwar hira tana bin sa a gindi, kuma sau da yawa a nan ne aka taɓa mutuncin wanda kake shirin tura wa.

Sai suna. Mu nan sunayenmu sun yi kama. Ka buga "Abdou" na'ura ta kawo maka Abdu biyar, ka zaɓi na sama ba ka duba ba, takardar albashi ta tafi wurin ɗan kasuwar da ke kawo muku kaya. Ƙarshen adireshi ma abin dubawa ne. Na Nijar ".ne" ne, na Najeriya ".ng", kuma tsakanin ".ne" da ".net" harafi guda ne. Idan kuna ganin harafi guda ba komai ba ne, ku ji abin da jaridar Financial Times ta bayyana a watan Yuli na 2023. Adireshin sojojin Amurka da ".mil" yake ƙarewa, na ƙasar Mali da ".ml". Shekara da shekaru masu rubutu suna mance harafin tsakiya, miliyoyin saƙonni suka yi ta kwarara zuwa ɓangaren Mali, har da bayanan lafiya da tsarin tafiye-tafiyen manyan hafsoshi. Wani ɗan ƙasar Holan, Johannes Zuurbier, wanda ke kula da adireshin Mali a lokacin, shi ya yi ta jan hankalinsu a kai. In babbar runduna irin wannan ta yi tuntuɓe da harafi guda, kai ma tsaya ka sake karanta adireshi.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku duka biyu. Takardun da ke cikin kwamfutocinku ba lissafi ne kawai ba, mutane ne. Tun 2019 dubban ƴan'uwanmu daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gudun ƴan bindiga, da yawansu suka sauka a ƙauyukan gundumar Gidan Runji, daga baya aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. An rubuta sunayensu, da garuruwan da suka baro, da yawan iyalinsu. Akwai jerin yara masu tamowa da sunayen uwayensu. Akwai na masu karɓar magani a asirce, waɗanda ko danginsu ba su sani ba. Akwai na gidajen da za a raba wa kuɗin tallafi, da lambar waya, da ranar rabo. Tsohuwar da ta dangwala yatsa a takardarka ba ta san mene ne imel ba. Kai ta gani, kai ta yarda da shi. Idan jerin nan ya faɗa hannun da bai dace ba, kai kunya za ka ji, ita kuwa tana iya rasa kuɗinta, ko mutuncinta, ko abin da ya fi haka.

An taɓa yin irin wannan a idon duniya. A watan Satumba na 2021, makonni kaɗan bayan Taliban sun karɓi Kabul, ma'aikatar tsaron Birtaniya ta aika saƙo guda ga ƴan Afganistan 245 da ke neman a kwashe su saboda sun yi aiki da Birtaniya. Aka jera adireshinsu a fili, kowa na ganin na kowa. Mutum biyu suka amsa wa duka, ɗaya har ya faɗi inda yake. A Disamba 2023 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci ma'aikatar tarar fam 350,000. Abin da zai hana wannan duka ɗan gurbi ne mai suna "Cci", wanda in ka zuba adireshi a ciki babu mai ganin na wani. Duk saƙon da za ka aika wa jama'ar da ba su san juna ba, ta nan za ka bi. Jerin sunaye kuwa, tambayi kanka ko wanda za ka aika wa yana bukatar sunayen, ko adadi ya ishe shi. In dole ne, sa wa takardar mabuɗin sirri, ka faɗi mabuɗin ta waya. Duba shafukan Excel ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda aka ɓoye. Kada ka bar akwatinka a buɗe a kwamfutar wani. Ku sani kuma ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke sa ido a kai, HAPDP. Ko ba doka ma, amana ce, kuma za a tambaye mu.

To, in an riga an yi fa? A Gmail, da ka danna, ana ba ka daƙiƙa 5 ka janye saƙon, kuma kana iya mayar da su 30 a wurin saiti. Yi wannan gyaran yau, kada ka bari sai gobe. In lokacin ya wuce, kuskuren kuma ƙarami ne, layi biyu sun isa: a yi haƙuri, ga takardar. Ba sai ka cika shafi da bayani ba, kuma kada ka ɗora wa rezo laifin da ba nasa ba, kowa ya san wannan dabarar. In kuwa asirin mutane ne ya fita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tashi nan take ka gaya wa shugabanka, ka kira wanda saƙon ya je wa ka roƙe shi ya goge. Wanda ya faɗa da wuri ya ba da damar a canza ranar rabo ko a gargaɗi mutane. Wanda ya yi shiru don tsoron faɗa ya bar su a fili.

Ku ma shugabanni ina da roƙo gare ku. Yaron da ya zo da kansa ya ce ya yi kuskure, kada ku tozarta shi gaban jama'a, domin in kuka yi haka na bayansa ɓoyewa zai yi. Kai kuma da saƙon wani ya faɗo maka bisa kuskure, ka suturta shi. Sanar da mai shi, ka goge, kada ka ɗauki hotonsa ka watsa a WhatsApp don a yi dariya. Gobe kai ne.

Abu na ƙarshe, ladabi. Saurin na'ura bai soke gaisuwa ba. Babba babba ne ko a imel: ka gaishe shi, ka cika gurbin "Objet" don ya san abin da ke tafe da kai, ka rufe da sunanka da aikinka. In ranka a ɓace yake, rubuta ka ajiye, ka je ka yi alwala ka yi salla, ka dawo ka karanta. Yawanci da hannunka za ka goge rabi.

Ƴaƴana, ba na ce ku ji tsoron na'ura ba, alheri ce, ta rage mana wahala mai yawa. Abin da nake roƙo minti guda ne kafin kowane saƙo: wa zan aika wa, me na liƙa, asirin wa ke ciki. Ku riƙe wannan, ku koya wa sababbin da ke shigowa bayanku. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon rufa na waɗanda suka ba mu amana.