Yadda Ake Renon Fulawa Mai Yaɗo a Birnin Shehu

Tsiron nan mai yaɗo da masu sayar da furanni ke kira moni-filan, mai koren ganye da ratsin rawaya, asalinsa tsibirin Moorea ne can cikin tekun Fasifik, inda Allah ya hore masa inuwar manyan itatuwa da laima ba yankewa. Saboda haka wanda ya yi niyyar renonsa a Sakkwato, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a watan Afrilu, damina kuwa da ƙyar take cika wata 4, lalle ya sani baƙo ya saukar, haƙƙinsa kuma yana wuyansa.

Da farko a roƙi reshe wajen maƙwabci, a yanke kimanin taƙi guda daga ƙarƙashin gaɓa, domin daga gaɓar saiwa ke fitowa, ganyen da ba shi da gaɓa kuwa ba zai taɓa yin toho ba. A cire ganyen ƙasa, a tsoma reshen cikin kwalbar ruwa, a riƙa sauya ruwan duk kwana 3 don kada sauro ya sami mahaifa. Bayan mako 2 zuwa 4 saiwa za ta bayyana, idan ta kai tsawon ɗan yatsa sai dashe.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, gama tana sanyaya saiwa, da sharaɗin a huda gindinta. Laka irin ta fadamar Kwalkwalawa, ko da yake tana da albarka ga mai albasa, ita kaɗai riƙe ruwa take yi har saiwa ta ruɓe. Sai a gauraya kashi ɗaya nata da ɗaya na yashi da ɗaya na takin awaki wanda ya riga ya ruɓe, don ɗanyen taki ƙonawa yake yi.

Batun mazauni shi ne mafi muhimmanci. A ajiye tukunyar a baranda ko kusa da tagar gabas, inda hasken hantsi zai same ta, a kuma tsare ta daga ranar azahar zuwa la'asar, wadda kan toye ganye cikin wuni guda. A kafa sanda da aka naɗe da igiyar rama, a ɗaura yaɗon sako-sako, domin ɗabi'arsa ce idan ya sami abin hawa ganyensa ya ƙara faɗi.

Wajen ban ruwa galibin mutane israfi ke kai su ga hasara, alhali mizanin mai sauƙi ne: a cusa yatsa cikin ƙasar, in ta bushe a zuba har ya ɗigo ta hudar, in da danshi a dakata. Ganye mai rawaya da laushi alamar ruwa ya yi yawa ce, ƙonewar bakin ganye kuwa daga bushewar iska take, musamman da hunturu, lokacin da ya wajaba a riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma kowane mako. In an ga fararen ƙwari kamar auduga a hammatar ganye, a wanke su da ruwan sabulun salo kaɗan.

A ɗaga tukunyar inda yara da awaki da kyanwa ba su kaiwa, domin ruwan ganyen yana sa ƙaiƙayi da kumburin baki ga wanda ya tauna.