Ƙasa Ma Tana Da Rai: Darasi Daga Sunan Unguwarmu

 

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, sunan unguwarmu Fadama. A Hausa fadama ita ce ƙasa mai laima a bakin ruwa, wadda ake nomanta har da rani. To amma mu duba bakin Odaw da Korle yau: leda, bola da baƙin ruwa. An yi shekaru ana ƙona wayoyi a Agbogbloshie don a ciro jan ƙarfe, kafin a rushe wurin a 2021, kuma dalma da sauran guba sun shiga ƙasar.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Da yawa cikin iyayenmu daga arewa suka zo, inda gona ta gaji, damina kuma ta daina tsayawa a kan lokacinta. Ƙasa mai rai tana ɗauke da tana da ƙananan halittu da ruɓaɓɓen ganye. Tana shan ruwa ta riƙe shi, tana kuma ajiye kabon wanda da ya tafi sama ya ƙara zafin duniya. In aka ƙone gona duk shekara, aka sare itatuwa, sai ruwa ya wanke ƙasar ya tafi da ita.

A littattafan fiƙihu akwai babin ihya'ul mawat, wato raya matacciyar ƙasa, kuma an yi shi a aikace a zamaninmu. A Maraɗi, tun 1983, Tony Rinaudo da manoma suka fara barin kututturen itatuwa su tofo. Sai a zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi, a sassabe sauran. An ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Gawo ma yana zubar da ganyensa da damina, ya zama taki, bai tare wa gero rana ba. Daga 2009 aka fara irin wannan aiki a Talensi, nan arewacin Gana. A Burkina Faso kuwa, marigayi Yakuba Sawadogo ya yi ta haƙa ƙananan ramuka yana zuba taki, har fako ya zama daji.

Mu da ba mu da gona fa? Muna da ɓawon doya da na ayaba daga kasuwa. Ga yadda za mu yi:

1. A sami bokiti, a huda gindinsa da gefensa.
2. A zuba ɓawo, a rufe da busasshen ganye ko garin katako, a ƙara ɗan kashin tumaki.
3. Ban da leda, batir da nama.
4. A riƙa juyawa duk mako, a yayyafa ruwa kaɗan.

Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar ruwan farko. Amma a kiyaye, kada a shuka abin ci a ƙasar bakin Odaw. A samo ƙasa mai tsabta a buhu, a gauraya da takin, a shuka ayoyo ko barkono.

Hadisi ya nuna mana cewa shukar da mutum ko tsuntsu ya ci daga gare ta sadaka ce ga mai shukar. Kowane aji ya fara da bokiti ɗaya bana. Allah Ya sa mu dace, amin.