Ɗan Dako da Injin Ɗaga Kaya

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani darasi da na ke so mu duba tare. Wanda ya tsaya a Mile 2 cikin Ikko zai ga manyan motoci ɗauke da akwatunan ƙarfe, watau kwantena, daga tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can.

A zamanin da, buhu-buhu a ke sauke kaya daga jirgi. Ƙarfi kaɗai a ke nema, ko baƙo ya kan sami dako. A 1956 wani Ba'amurke, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgi guda. Sannu a hankali inji ya karɓe aikin kafaɗa, har mutum ɗaya ya kan sauke abin da taron lebura ke wuni a kai.

Aiki bai ƙare ba, kama ya sake. Yanzu mai tuƙa injin a ke nema, da makaniki, da akawu mai sanin kwamfuta. Waɗannan kuwa sai da karatu da lissafi.

Saboda haka mu malaman gobe mu lura. Yaron da ya bar hannunmu bai iya su ba, da inji zai gwada ƙarfi, inji kuwa ba ya gajiya.