Jijiyoyin Saƙo da Zaburar Jiki: Darasi Daga Ciwon Kuturta

1.0 Gabatarwa

Kalmar "jijiya" tana cikin kalmomin Hausa da aka ɗora wa kaya mai yawa. Idan mahauci a babbar kasuwar Sakkwato ya ce nama yana da jijiya, yana nufin farin zaren nan mai tauri wanda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce ba ta sami jijiya ba, tana nufin hanyar jinin da za ta soka wa allura. Likita kuwa idan ya ce jijiyar hannu ta mutu, wani abu na uku yake nufi. Tsofaffin ƙamusoshi, irin na Bargery na shekarar 1934, sun tara waɗannan ma'anoni a ƙarƙashin kalma ɗaya, domin haka masu harshen suke amfani da ita. A hira wannan bai zama matsala ba, amma malamin da zai koyar da kiwon lafiya cikin Hausa a ƙananan azuzuwan firamare ba zai iya barin abin a dunƙule ba. Saboda haka a wannan darasi za a kira hanyar jini "jijiyar jini", a kira mai ɗaure tsoka da ƙashi "agara", ta ukun kuma a kira ta "jijiyar saƙo". A kan ta ukun darasin zai tsaya.

2.0 Yadda Jijiyoyin Saƙo Suka Bazu a Jiki

Masana ƙirar jiki sun raba tsarin saƙonni gida biyu. Akwai cibiya, wato ƙwaƙwalwa da laka, wadda ta ratsa ta cikin ƙashin baya. Akwai kuma rassa, wato jijiyoyin da suka fito daga cibiyar suka bazu har zuwa kan yatsu. Tagwaye suke fitowa, ɗaya dama ɗaya hagu. Guda 12 a kowane ɓangare suna fitowa ne daga ƙwaƙwalwa kai tsaye, guda 31 kuma daga laka: 8 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, 5 a ƙashin kwankwaso, sai 1 a can ƙarshen ƙashin baya. Mafi girma a jiki ita ce wadda ta haɗu daga rassan ƙugu da kwankwaso, ta bi ta cikin ɗuwawu ta gangara bayan cinya. Ita ce dalilin da ya sa ake yin allurar ɗuwawu a sama ta gefen waje, kuma ita ce mai allurar da bai ƙware ba yake sokewa yaro ya tashi yana jan ƙafa.

Kowace jijiya damin zarurruka ne ƙanana ƙwarai. Wasu suna kai labari daga fata da gaɓoɓi zuwa cibiya, kamar labarin zafi da sanyi da taɓi da ciwo. Wasu suna kawo umarni daga cibiya zuwa tsoka. Wasu kuma suna gudanar da ayyukan da mutum ba ya sa su ba ya hana su, irin su bugun zuciya da narkar da abinci da fitar gumi. Saƙon kansa wani ɗan motsi ne na lantarki, kuma a zarurruka mafi kauri gudunsa yakan kai mita 120 a daƙiƙa ɗaya. Abin sha'awa, Bahaushe ya kira jin da ake ji idan ƙafa ta sage "minjirya", sunan kifin nan mai jan mutum kamar wutar lantarki.

Ɗalibin da ya yi nazarin furuci ya riga ya haɗu da aikin waɗannan jijiyoyi ko da bai san sunansu ba. Ta 7 daga cikin na ƙwaƙwalwa ita ke motsa leɓɓa wajen furta /b/ da /m/. Ta 12 ita ke sarrafa harshe. Ta 10 kuwa ita ke kula da tantanin maƙwallato, wanda idan babu aikinsa ba za a bambanta haɗiyau /ɓ/ da /ɗ/ ko tunkuɗau /ƙ/ da /ts/ daga takwarorinsu ba.

3.0 Zabura

Zabura, a ma'anar da ake nufi a nan, ita ce motsin da jiki yake yi da kansa don amsa wani abu da ya taɓa shi, tun kafin tunani ya shigo ciki. A ɗauki misalin yaron da ya fito ba takalmi da tsakar ranar bazara a Sakkwato, lokacin da zafi yakan haura digiri 40, ya taka wani guntun ƙarfe da rana ta gasa. Ƙarshen jijiyar da ke cikin fatar tafin ƙafarsa zai ɗauki labarin, ya aika ta zaren ji zuwa laka. A cikin lakar wani ɗan gajeren zare zai miƙa shi ga zaren motsi, shi kuma ya umarci tsokar cinya ta ɗage ƙafar. A daidai wannan lokaci wani umarnin ya tafi ɗaya ƙafar don ta ƙage ta ɗauki nauyin jiki, in ba haka ba yaron zai faɗi. Sai bayan an gama wannan duka labari yake isa ƙwaƙwalwa, yaron ya ji zafi ya ce "wash!" Wato laka ta yanke hukunci ba ta jira ƙwaƙwalwa ba, kamar yadda mai unguwa ba ya jiran izinin hakimi kafin ya sa a kashe gobara.

Mafi sauƙin zabura ita ce ta gwiwa. Idan likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ɗan bugi agarar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa da 'yar gudumarsa ta roba, ƙafa takan yi tsalle gaba. Zare biyu kacal ke wannan aiki, na ji da na motsi. Wasu likitocin Jamus biyu, Erb da Westphal, su suka bayyana ta a shekarar 1875, kuma har yau da ita ake gane ko hanyar saƙo a buɗe take ko ta yanke. Ƙifta ido da atishawa da tarin da kan taso idan mutum ya ƙware duk zabura ne.

4.0 Idan Saƙo Ya Yanke

Babu ciwon da ya fi kuturta bayyana amfanin wannan tsari, kuma mutanen Sakkwato ba baƙinta ba ne. A garin Amanawa, kan hanyar Sakkwato zuwa Gusau, akwai asibitin da ya yi suna wajen jinyar masu wannan ciwo tun zamanin Turawa. A ƙarshen shekarun 1930 ne 'yan mishan na S.I.M. suka karɓi ragamar irin waɗannan wurare bisa yarjejeniya da hukumomin En'e, wato Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano.

Ƙwayar cutar, wadda likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano a 1873, tana son wuraren jiki masu sanyi-sanyi. Don haka takan zauna a fata da kuma jijiyoyin saƙon da suka matso kusa da fata: ta bayan gwiwar hannu (wadda idan aka buge ta mutum yake jin minjirya har ƙaramin yatsa), da ta gefen gwiwar ƙafa, da ta bayan idon sawu, da wasu na fuska. Jijiyar takan kumbura, a hankali ta daina kai labari.

A nan ne ya kamata a gyara wata tsohuwar fahimta. Jama'a da dama sun ɗauka cutar ce take cinye yatsu har su gutsure. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a garin Vellore na ƙasar Indiya daga shekarun 1940, ya nuna cewa galibin ɓarnar daga rashin jin ciwo take. Mace za ta sauke tukunya daga murhu da hannu tsirara ba ta zabura ba, domin labarin zafin bai isa laka ba. Manomi zai wuni da ƙaya a tafin ƙafa yana tafiya a kanta. Ga shi kuma zarurrukan gumi sun mutu, fata ta bushe tana tsagewa. Rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi, yatsa ya riƙa gajarta shekara bayan shekara. Haka abin yake a ido: jijiya ta 5 ke jin ƙurar hunturu ta faɗa, ta 7 ke rufe fatar ido, idan ɗayarsu ta lalace ƙiftawa ta ragu, makanta na iya biyo baya. Ciwon suga da ya daɗe shi ma yakan kashe ji a ƙafa ya jawo irin wannan gyambo.

Kuturta ba gadonta ake yi ba, kuma mafi yawan mutane jikinsu yana iya kare kansa daga gare ta. Ana ɗaukarta ne ta doguwar cuɗanya da wanda bai fara shan magani ba, tana kuma iya ɓoyewa shekara biyar ko fiye kafin ta bayyana. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ake sha wata 6 ko 12, tun 1995 kuma kyauta ake bayar da shi. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Sai dai maganin ƙwayar cuta yake kashewa, ba ya tayar da jijiyar da ta daɗe da mutuwa. Ko jijiyar da ta sami damar tohowa, kusan milimita ɗaya take yi a rana. A 1998 Nijeriya ta cim ma mizanin da hukumar ta sa na rage yawan masu cutar, amma har yanzu ana samun sababbin kamu duk shekara, cikinsu har da yara 'yan makaranta.

5.0 Abin da Ya Shafi Malami a Aji

Alamar farko tabo ne a fata wanda ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, kuma idan an shafa masa auduga yaro ba ya ji. Rashin jin nan ne ya raba shi da makero ko ƙyasbi. Malami ba likita ba ne, bai kamata ya yanke hukunci ba, amma yana ganin yaro kwana biyar a mako. Abin da ke kansa shi ne ya kira uban yaron a keɓe ya ba shi shawarar zuwa asibiti, kada ya tona zancen gaban 'yan aji.

Malamin Hausa kuma yana da wani nauyin na daban, domin adabin baka cike yake da ambaton kuturu, kamar a karin maganar nan "kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano". Share irin waɗannan daga manhaja ba daidai ba ne, tarihin al'umma ne. Amma wanda ya koyar da su bai gaya wa yara cewa ciwon yana warkewa ba, ya koyar da rabin darasi, kuma mai yiwuwa a ajin akwai ɗan wanda aka taɓa kwantarwa a Amanawa.

6.0 Aikin Aji

Ɗalibai su zauna biyu-biyu. Ɗaya ya ɗora ƙafa kan ƙafa ya saki jiki, ɗayan ya ɗan bugi ƙasan ƙoƙon gwiwarsa da gefen hannu. Kowa ya rubuta abin da ya faru cikin sakin layi ɗaya, yana bin saƙon daga inda ya tashi zuwa inda ya koma, ba tare da ya yi amfani da kalmar "jijiya" ita kaɗai ba.