Amosanin Gaɓɓai da Manomin Rani a Ƙasar Bunkure

Tun daga ranar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, har ruwa ya biyo magudanai ya ratsa ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam, manomin wannan yanki ya sami wata ni'ima wadda kakanninsa ba su sani ba, watau noma rani da damina; amma kuwa ni'imar ta zo da nata nauyi, domin gwiwar da a dā take hutawa daga kaka zuwa bazara, yanzu ba ta gama girbin shinkafa sai ta shiga ban ruwan alkama da dashen tumatir, daga nan kuma ga kwanduna suna jiran a kai su Kwanar Gafan. Ni ma'aikacin gashin ƙashi ne, kuma galibin masu zuwa wurina daga wannan yanki da amosanin gaɓɓai, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi, abin da ke cin ransu fiye da zafin ciwon shi ne ko za su sake shiga gona.

Akwai wani dattijo daga wani ƙauyen Bunkure wanda ba na mantawa da shi. Ya shigo yana dafa bango, da ya zo zama kan benci sai da ya tokare da hannu biyu, ya miƙe ƙafar dama gefe, sa'an nan ya saki jiki a hankali. Da na ɗora tafina a kan gwiwar na lanƙwasa ta, sai na ji tana ƙaras-ƙaras kamar ana taka tsakuwa. 'Ya'yansa, saboda tausayi da birrul walidaini, sun riga sun ba da hayar gonarsa, sun shimfiɗa masa tabarma a zaure, wata bakwai ke nan yana zaune, har naman cinyarsa ya zube. Ya ce mini, "Likita, ni da na ciyar da gida shekara talatin, yau kuɗin goro sai na jira a miƙo mini." Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, in Allah ya so za ku koma aiki, sai dai za mu sāke wa aikin kama."

Haƙiƙanin al'amarin shi ne, a kan kowane ƙashi inda ya haɗu da ɗan'uwansa akwai guringuntsi mai santsi, wanda idan ya siɗe saboda shekaru ko nauyin jiki ko tsohon rauni ko yawan tsuguno da ɗaukar kaya, sai gaɓar ta kumbura ta sandare. Kuma abin da ke tallafar gaɓa mai wannan hali shi ne ƙarfin naman da ke kewaye da ita, wanda zaman wuri ɗaya yake cinyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne a duniya ke ɗauke da wannan nau'i na amosanin gaɓɓai, kuma gwiwa ce ta fi kamuwa. Akwai wani nau'in dabam, mai kama yatsu da wuyan hannu dama da hagu, ya sa su sandare da safe fiye da sa'a guda, ya fi samun mata. Wannan lalle ne a hanzarta da shi ga likita, a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tun bai karkatar da yatsu ba.

Abin da muka yi da dattijon nan ba ya bukatar dukiya. Mun fara da motsa gwiwa yana zaune, ya miƙe ƙafa ya riƙe, ya sauke, safe da yamma, har cinyar ta soma dawowa. Bayan haka muka zauna da babban ɗansa muka bi ayyukan gona ɗaya bayan ɗaya, muka ware waɗanda ke tilasta tsuguno cikin taɓo da ɗaukar buhu muka bar wa samari, shi kuwa ya riƙe renon irin tumatir da albasa a kan wani dakali da aka ɗaga masa zuwa ƙugu, yana aiki a kan doguwar kujera, fartanyarsa an sa mata doguwar ƙota. Kuma da yake babu wanda ya fi shi sanin lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, sai kula da ban ruwa ya koma hannunsa. Kafin rani ya fita maƙwabta suna sayen iri a wurinsa. Haka nan wata mai turara shinkafa a Kura, an ɗaga mata murhu, an naɗe mariƙin ludayinta da tsumma ya yi kauri, ta raba ruwan da take ɗauka zuwa ƙananan bokitai, ta ci gaba da sana'arta.

Wajibi ne in yi gargaɗi game da ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ana talla a kasuwanni, domin a cikinsu akan sami masu kashe zafi nan take, alhali kuwa in an daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ta da sukari da hawan jini.

Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa wanda tsayuwa ta gagara sai ya yi salla a zaune, farillar tana nan a kansa, siffarta ce aka sauƙaƙa. Ina ganin neman halali ya cancanci irin wannan rangwame. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukuma, amma manomin rani ba shi da ofis, maigidansa shi ne iyalinsa da ƙungiyarsa. Saboda haka ina roƙon ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da masu gonaki, da masu injinan casa na Kura da Bunkure, idan za a raba aikin awo ko tsaron ƙofar ruwa ko renon iri, a fara tunawa da waɗanda gwiwa ta kama. Ku kuma 'ya'ya, kafin ku ba da hayar gonar mahaifinku, ku kawo shi a duba shi tukuna.